Gandun Dajin Kainji: Gani Ya Kori Ji

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabin baka ya san cewa damisa ita ce ƙi sabo, gwanki shi ne sha bara, ɓauna kuwa saniyar sake. Amma da za a jera masa hoton gwanki da na kanki da na mariya, a ce ya nuna kowanne da sunansa, da wuya ya fita kunya. Wannan abin takaici ne, musamman ga ɗaliban da suka fito daga Shanga da Yawuri da Ngaski, domin kuwa dajin da waɗannan namun dawa suka rage a cikinsa yana maƙwabtaka da su, tafki ɗaya suke sha.

Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji shi ne irinsa na farko a Nijeriya. An kafa shi a 1979 bayan da aka haɗe gandun Borgu, wanda ke yamma da tafkin, da na Zugurma da ke kudu maso gabas, faɗinsu duka ya haura murabba'in kilomita 5,300. Lokacin ziyararsa rani ne, sa'ad da ciyawa ta ƙone, dabbobi suka taru a bakin kogin Oli don shan ruwa. Akan fita cikin mota da sassafe ko da la'asar sakaliya tare da ɗan jagora, a ga garken mariya da gwanki da ɓauna da mugun dawa, ga dorina da kada cikin gurabe, mai sa'a kuma ya ji gurnanin zaki. A yau ba a san wani wuri da zaki ya rage a Nijeriya ba in ban da nan da Yankari. Giwa kuwa ta daɗe da yin ƙaura.

To, me ya sa mutumin bakin tafki bai ɗauki wannan daji a matsayin nasa ba? Amsar tana cikin tarihi. Lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da fadamu masu yawa, aka tashi mutane kimanin 44,000, Gungawa da Kambari da sauransu, aka mai da su sababbin matsugunai. Daga baya doka ta hana farauta da kiwo da saran itace a gandun. Saboda haka talaka ya fahimci cewa daji na gwamnati ne da Turawa masu ɗaukar hoto, rabonsa a ciki kuwa tara ce da kamu. Manomin da dorina ta kwana tana kiwo a shinkafarsa, ko masuncin da ta kifar masa da kwalekwale, ba a yi masa adalci ba in aka ce ya ƙaunace ta alhali ba wanda zai biya shi asararsa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dajin da maƙwabtansa suka juya wa baya, wasu ne za su gaje shi. Tun daga wajen 2021 'yan bindiga suka mai da sassansa mafaka, yawon buɗe ido ya durƙushe, ƙauyukan da ke kewaye kuma suka shiga uku. Ashe asarar gandun ba ta zaki kaɗai ba ce.

Akwai darasi daga Indiya. A can ne ake samun damisa mai zane, wadda babu irinta a dazuzzukan Afirka. Da ta tasar wa ƙarewa, gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin kare ta a 1973 da gandaye 9. Ƙidayar 2006 ta nuna saura 1,411, amma ta 2022 ta haura 3,000. Haƙiƙa a can ma an tashi ƙauyuka, an kuma yi kuka. Sai dai Indiyawa da kansu ne mafi yawan masu ziyarar gandayen, 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye na samun aikin jagora da tuƙi da saukar baƙi, ana kuma biyan diyyar dabbar gida da damisa ta kashe. Wanda yake ci daga daji ba ya bari a ƙone shi.

Don haka, idan an samu zaman lafiya, wajibi ne hukumar gandun ta ɗauki maharban yankin aikin gadi da jagora, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tanadi diyya ga manoma, a sauƙaƙa kuɗin shiga ga 'yan makaranta, a kuma rubuta littafin jagora da Hausa.

Sashen Hausa kuwa ba sai ya jira wannan rana ba. A Shanga da Yalwa da Wara akwai tsofaffin maharba da Sarkawa waɗanda suka san sawun kowace dabba da kukanta da kirarinta, suka kuma san yadda Gungawa ke farautar dorina a dā, al'adar da bikin Rigata na Yawuri ya samo asali daga gare ta. Ya kamata ɗalibai su je da na'urar ɗaukar magana su taskace wannan ilmi, har da sunayen dabbobin a Shanganci da Gunganci, harsunan da su ma suke ja da baya. In ba haka ba, ranar na zuwa da malami zai tsaya gaban allo yana fassara wa Bahaushe ma'anar gwanki, kamar wata baƙuwar kalma. Allah ya kiyaye.