Kafin Ka Ce Mai Nono Ta Zuba Ruwa



Makon jiya wani ɗan wannan zaure ya turo mini gajeren labari in duba masa. A Rabah labarin ya faru, cikin Afrilu, tsakiyar bazara. Jarumar ta sauke ƙwarya, kindirmo ya yi kauri, man shanu rawaya sharr yana yawo a sama. Muguwar labarin ita ma mai nono ce, kuma shaidar muguntarta guda ɗaya: nononta tsararo ne, wai ta zuba ruwa. Na ce masa duka biyun bai kalli saniya ba ya rubuta su.

A Afrilu, saniyar da ke kiwo tsakanin Rabah da Wurno busasshiyar ciyawa take ci da ragowar kara. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su ne ke narkar da abincin, kuma daga aikinsu ake samun maiƙon madara. Su ma suna buƙatar furotin, kuma idan na ciyawa ya faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100 sai aikinsu ya yi sanyi, saniya ta rage ci. Tatsa ta ragu, furotin ɗin madarar ya ragu, kindirmo ya ƙi kamawa sosai. Launin rawayan man shanu kuwa daga ɗanyen ganye yake zuwa, shi ya sa man damina ya fi na rani launi. Man da abokinmu ya zana na Agusta ne.

Abin ya fi tsanani ga wadda ta haihu a wannan lokaci. Bayan dakashi ya wuce, hantsa tana neman fiye da abin da baki ke kawowa, sai jiki ya fara cin kitsensa. Bokolo mai tozo da leɓe, abin alfaharin Sakkwato, sai ka ga haƙarƙarinta ya fito cikin 'yan makonni. Ga maraƙi yana jiran rabonsa. Idan kuma an kai ta fadamun Gulbin Rima wajen Goronyo neman ɗanye, can ma akwai tsutsar hanta da dodon koɗi ke yaɗawa, tana shan jini, tana rage tatsa.

Na taɓa yi wa wata dattijuwa da ke kawo mana nono ƙorafi, cikin hura (mu haka muke cewa, ku mutanen Kano ku yi haƙuri) ban ji daɗinsa ba. Na ce, "Inna, yau kam ya yi ruwa." Ta ce, "Ɗana, je ka tambayi saniyar abin da ta ci jiya." Kunya ta kama ni, don na san kuɗin ɗaurin harawa a lokacin, na kuma san dajin da suke kiwo a da tsoron 'yan bindiga ya hana su shiga.

Ba na cewa ba a algus. Ana zuba ruwa, ana ƙara garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri da tsami. Amma ku lura da lokacin da abin ya fi yawa: lokacin da ƙwarya ba ta cika, kuma gida na jiran kuɗin cefane daga cikinta. Marubucin da ya tsaya kan "muguwa ce" ya bar labarin gaske a ruga.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma ba ya canja ɗanɗano. Tunkuzar gyaɗa ko dusar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin, wani ɓangarenta yana bi ta cikin madara, kuma tafasawa ba ta kashe ta. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta aka tatse ta washegari, maganin yana cikin nonon, wani lokaci ma shi ke hana shi kwana ya yi tsami. A ɗaya gefen kuma, mai hali da ke ɗura wa shanunsa dusa da hatsi ba tare da harawa ko karmami ba yana tsamama musu tumbi, maiƙon madarar ya faɗi duk da ƙibar da ake gani. Nono fari tas, yara na sha.

Don haka ga abin da na nemi abokinmu ya yi, kuma ina neman duk mai son saka ruga a labarinsa ya yi. Ya je da hantsi ya ga tatsa da idonsa. Ya tambayi me ake ba masu shayarwa a rani, harawar wake ko 'ya'yan gawo ko gurya, da yaushe ake ba su kanwa. Ya san bambancin madara da kindirmo da tsala, don a shafi guda ya kira abu ɗaya da sunayen uku.

Ya ce zai mayar da labarin damina don man ya zauna daidai. Na ce ya bar shi a Afrilu, ya ba muguwar tasa saniya guda da ta haihu a Maris. Idan ya gama gyara zai saka shi a nan mu karanta tare.