Jirgin Ambursa Ba Ya Ɗaukar Dawar Zuru

Malam, ka rubuta cewa filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ya buɗe wa Kebbi baki ɗaya ƙofar arziki. Wace Kebbin? Tun da gwamnatin Sa'idu Dakingari ta gina shi, alhazanmu sun huta da tafiya Sakkwato, wannan ba musu. Amma manomin Zuru da ya ɗinke buhunan dawarsa ba jirgi yake jira ba. Lafiyayyar hanya yake so daga Dabai ta Mahuta har Koko, da kuɗin mota mai sauƙi. Na Danko-Wasagu kuwa, 'yan bindiga sun hana shi ko leƙa gonarsa. Ka zo kasuwar Zuru ka tambayi dillalan hatsi buhu nawa ya taɓa tashi ta Ambursa.