Kafin a kwaikwayi yoga ta salula, a fara zuwa wajen sajfam

Jama'a, akwai maganar da mu ma'aikatan radiyo muka daɗe muna kaucewa don kunya, to yau za mu faɗe ta: saukowar mahaifa. Mace ta ji nauyi a ƙasan mara, kamar wani abu yana son fitowa ta gabanta, abin ya fi tsanani da marece bayan wunin aiki, wani lokaci in ta yi tari ko atishawa fitsari ya kuɓuce. Wannan daban yake da yoyon fitsari. Naman da ke riƙe mahaifa da mafitsara ne ya saki, galibi saboda yawan haihuwa, doguwar naƙuda da ɗaukar kaya masu nauyi.

Abin da ya sa muka tado da ita, yanzu matan Dutsi da Tibiri masu salula suna bin bidiyon yoga a TikTok don ciki ya koma bayan haihuwa. Yoga motsa jiki ce da ta samo asali daga Indiya, kuma ba mu ce a daina ba. Amma mai bidiyon ba ta san jikinki ba, 'yar'uwa. Ga mai wannan matsala, kwanciya a riƙa ɗago kai da ƙafafu don matse ciki, tsalle, dogon tsugunno da riƙe numfashi duk suna tura mahaifar ƙasa. Abin da ya fi sauƙi ga jiki shi ne kwanciya rigingine, a naɗe gwiwoyi, a sa matashi ƙarƙashin ƙugu, ko a jingina ƙafafu ga bango ana numfashi a hankali. Sai atisayen da wani likitan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948: a matse gaba kamar mai riƙe fitsari na 'yan daƙiƙu, a saki, a maimaita kullum. Kar a yi shi lokacin da ake fitsarin. Duk motsin da ya ƙara miki nauyin nan, tsaya.

Amma mu faɗi gaskiya, matan Matankari, Dankasari ko Gesheme ba yoga ke wahal da su ba. Daka ce, da jan guga, da bido mai lita 25 a ka, wasu tun arba'in ba ta cika ba. Mai gida na zaune bisa tabarma yana jiran fura, amalanke na tsakar gida! In har muna gargaɗin 'yar birni kan bidiyo, dole mu gaya wa maza su karɓi aikin ruwa da itace, a biya kuɗin inji a hutar da mai jego.

Kuma abin yana da magani. A fara da sajfam a CSI ko babbar likitar Dutsi, su duba matakin da ya kai. Wata atisaye ya ishe ta, wata a sa mata zoben roba da ke tallafe mahaifa, wadda abin ya yi nisa a tura ta Doso ko maternite Issaka Gazobi ta Yamai a yi mata aiki. A sha ruwa, a ci zogale da wake don kauce wa yunƙuri wajen ba-haya. Cusa magungunan matsi kuwa ba ya maida mahaifa wurinta, sai dai ya jawo ciwo.