Ƙaramar mota mai fetur da gas: a fara daga garejin gwamnati

Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya bai wa ma'aikatu da hukumomin tarayya a watan Mayun 2024, cewa su koma sayen motoci masu aiki da iskar gas, ya tsaya ne a kan abin da mota za ta sha. Bai taɓo girmanta ba, alhali ta nan ne mafi yawan kuɗin ke zurarewa. Jif mai nauyin tan biyu da rabi, ko an ɗora masa tukunyar gas, yana nan da tsadar saye, tsadar taya da tsadar gyara, kuma yana cin makamashi daidai nauyinsa. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da gwamnati za ta waiwayi wata irin mota da manyan jami'anta suka daɗe suna yi wa kallon raini: ƙaramar mota mai ƙofa biyar, wadda but ɗinta ke haɗe da ɗakin fasinja, mai injin da bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba, mai aiki da fetur ko gas, duk wanda direba ya zaɓa.

Ma'aikacin tarayya ba ya buƙatar a tuna masa yadda farashin mai ya yi tafiya. Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen man NNPC da ke Abuja. Kwana biyu da cire tallafi ta koma naira 537, a watan Yuli ta kai 617, a Satumbar 2024 ta zama 897, a Oktoba kuma 1,030. Ta riƙa hawa da sauka bayan nan, amma ba ta sake kusantar inda ta baro ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 kuwa naira 70,000 ne. Tun bayan tsarin mayar da alawus kuɗi na 2003 da sayar da gidajen gwamnati da ya biyo baya, tsadar haya ta tura akasarin ma'aikata zuwa Kubwa, Lugbe, Gwagwalada, Suleja, Mararaba da Masaka. A ɗauka cewa jami'i yana yin kilomita 60 kullum, zuwa da dawowa, kwana 22 a wata. Ya yi kilomita 1,320 ke nan. Tsohuwar babbar mota 'yar kwatano da ke shan lita 11 a kilomita 100 cikin cunkoson hanyar Nyanya za ta ci masa kusan lita 145. Ƙaramar mota mai shan lita shida za ta tsaya a wajen lita 80. Tun kafin a yi maganar gas, girman mota kaɗai ya rage kusan rabin kuɗin mai.

Irin wannan mota ba ta masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ba ce a inda ake ƙera ta. Motar da aka fi saye a duk nahiyar Turai a 2024 ita ce Dacia Sandero, ƙaramar mota ta wani kamfanin Romaniya mallakar Renault, kuma a Afirka ake haɗa ta, a masana'antun Tanja da Kasablanka na ƙasar Maroko. Samfurinta mai suna ECO-G 100 ya fito daga masana'anta da tanki biyu: na fetur mai lita 50, da na gas ɗin LPG mai kimanin lita 40, wanda aka ƙera shi zagayayye don ya zauna a gurbin tayar ko-ta-kwana, ƙarƙashin but. Injin yana tashi da fetur, da zarar ya yi ɗumi sai ya koma gas da kansa; idan gas ya ƙare a tsakiyar hanya ya koma fetur ba tare da direba ya tsaya ba. Da tankunan biyu a cike, motar na wuce kilomita 1,000. Ba ana tallar wani kamfani ba ne a nan. Kia da Hyundai da Fiat duk sun fitar da ƙananan motoci masu irin wannan tsari, kuma a Turkiyya kaɗai motoci fiye da miliyan huɗu ne ke tafiya da LPG. Abin lura shi ne fasahar ta daɗe da nuna, an gwada ta a kan miliyoyin motoci, kuma wata ƙasar Afirka ce ke cin ribar haɗa fitacciyar cikinsu.

Ya kamata a bambance nau'ukan gas biyu da ake yawan cakuɗawa hatta a takardun ofis. CNG, wanda shirin fadar shugaban ƙasa na PCNGi ke yaɗawa tun 2023, iskar gas ce da ake matsewa da ƙarfin da ya kai ba 200, don haka tukunyarta ke da kauri da nauyi. A ƙaramar mota, tukunyar kan cinye but ɗin kusan gaba ɗaya, kuma ba ta kai mai mota nisa kafin ya sake neman wurin cikawa. LPG kuwa shi ne gas ɗin girki da kowa ya sani. Yana zama ruwa da matsin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na na CNG ba, tankinsa ba shi da nauyi, kuma ana dakonsa da tanka kamar fetur. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga duk garin da bututun gas bai isa ba. An ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 tun a watan Yunin 2020, kuma ko bayan kammala shi, ofishin tarayya da ke Yola ko Birnin Kebbi ko Damaturu ba ya kan layinsa. CNG ya fi araha, ya kuma dace da bas, tasi da manyan motocin dakon kaya da ke komawa tasha ɗaya kullum. Ga ƙaramar motar da ake aikawa da takardu tsakanin ma'aikatu, ko wadda za a tura jiha, LPG na da hujjar da bai kamata a yi watsi da ita ba. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanya shi cikin shirin gas na motoci da ta ƙaddamar a Disambar 2020, da alƙawarin sauya motoci miliyan ɗaya. Alƙawarin bai cika ba, daga nan kuma maganar LPG a mota ta yi sanyi.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan LPG, kuma dole a saurare shi. Gas ɗin da mota za ta sha shi ne wanda uwargida ke saye a kilo. Ya yi tsadar da ta mayar da gidaje da dama kan gawayi da itace, har ta kai gwamnati ta sanar da dakatar da fitar da wanda ake samarwa a cikin gida daga 1 ga Nuwamba, 2024, duk da cewa kamfanin NLNG ya riga ya keɓe duk LPG ɗinsa ga kasuwar cikin gida tun 2022. Idan aka saki dubban motoci a kan kasuwar ba tare da an ƙara yawan gas ɗin ba, murhun talaka ne zai biya. Ribar mai mota ma tana da iyaka. Kilo ɗaya na LPG bai cika lita biyu ba, kuma mota kan sha kusan kashi 20 cikin 100 fiye da yadda take shan fetur idan aka auna da lita. Idan aka haɗa biyun, gas yana da sauƙi ne muddin farashin kilonsa bai kai ninki ɗaya da rabi na litar fetur ba. Da kilo a naira 1,200 da fetur a 1,030, mai mota ya tsira da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan kilo ya haura 1,500 ribar ta kusa ɓacewa. To amma a nan ne amfanin tanki biyu yake. Mai irin wannan mota ba ya ɗaure da farashin abu ɗaya, kuma ranar da layin mai ya dawo yana da mafita. Ƙorafin dai hujja ce ta a fara da kaɗan, da motocin da gwamnati ke iya ƙirgawa, a kuma bar yawansu ya bi yawan gas ɗin da matatar Dangote da sauran masu samarwa ke fitarwa.

Batun tsaro bai da sassauci. Fashewar da ta auku a wani wurin cika CNG a unguwar Aduwawa da ke Benin a Oktoban 2024, wadda hukumomi suka danganta da tukunyar da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, ta nuna abin da ke faruwa idan mai walda ya zama injiniya. LPG ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, kuma tankin mota na gaskiya yana da bawul da ke yanke cikawa a kashi 80 cikin 100 don ruwan ya sami wurin buɗewa idan rana ta yi zafi. Tukunyar girki da aka ɗaure a but da igiyar roba ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya. Wannan ne ya sa motar da ta fito da tsarin gas daga masana'anta ta fi wadda aka sauya a bakin titi, kuma aikin SON, NMDPRA da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ne su tabbatar kowane tanki yana da shaida da ranar sake gwaji.

Saura tambayar wanda zai fara. A ƙarshen shekarun 1970, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta mayar da Peugeot 504 haɗin Kaduna motar manyan jami'ai, kuma masana'antar ta rayu a kan wannan ciniki shekaru da dama. A Oktoban 2023, watanni kaɗan da cire tallafi, 'yan Majalisar Tarayya suka karɓi manyan jif-jif da rahotanni suka ƙiyasta kowannensu a kan kusan naira miliyan 160. Hujjar da aka bayar ita ce lalacewar hanyoyin mazaɓu. Ko an karɓi wannan hujja ga mai zuwa ƙauye, ba ta shafi motar da aikinta bai wuce tsakanin Sakatariyar Tarayya, Garki, Wuse da filin jirgin sama ba, a kan titunan da suka fi na ko'ina kyau a ƙasar. Umarnin Oktoban 2024 da ya taƙaita ayarin minista zuwa motoci uku ya rage adadi. Shi ma bai ce komai a kan girman injin ba.

Abin da ake buƙata ƙa'ida ce a rubuce daga Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati, BPP: duk motar aike da ta zirga-zirgar cikin gari ta kasance ƙarama mai fetur da gas, duk ofishin da ke son jif kuma ya kawo dalili a rubuce. Daraktocin sayayya da hadiman ministoci, waɗanda su ne ke tsara takardar bayanin motar da za a saya kafin ta isa teburin mai gida, sun fi kowa sanin cewa a wannan shafi ake yanke hukunci. Idan gwamnati ta haɗa buƙatar hukumominta wuri ɗaya na tsawon shekaru, masu haɗa motoci irin su Innoson a Nnewi da Dangote Peugeot a Kaduna za su sami dalilin kafa layin ƙaramar mota, abin da manufar fifita kayan gida da aka amince da ita a Mayun 2025 ke nema tun farko. An riga an cire harajin VAT a kan LPG, CNG da kayan sauya mota tun Oktoban 2024, don haka wani ɓangare na hanyar a share yake.

Ma'aikacin da zai saya da kuɗinsa kuwa bashi mai sauƙin ruwa yake jira. Kamfanin lamuni na CREDICORP, wanda aka buɗe a 2024 aka kuma ce zai fara da ma'aikatan gwamnati, shi ne ya dace ya ɗauki nauyin wannan, da biya ta hanyar cirewa daga albashi. Ko da hakan, ƙaramin ma'aikaci mai naira 70,000 ba zai iya ba, domin a farashin Oktoban 2024 man ƙaramar motar ma ya haura albashinsa. Shi bas ɗin ma'aikata mai aiki da CNG da jirgin ƙasan Abuja ne hakkinsa. Ƙaramar motar ta jami'i ne na matsakaicin mataki, wanda yanzu ke ajiye tsohuwar motarsa a gida kwana uku a mako, yana tsayawa a bakin titin Kubwa da asuba yana jiran wanda zai rage masa hanya.