Jinyar Ciwon Damuwa Ta Intanet: Ribar Tana Ga Mai Jagora

Kowane mai masana'anta ya san asarar da tsayawar inji ke jawowa, amma ƙalilan ne ke lissafa asarar ma'aikacin da ciwon damuwa ya kama, wanda ko dai ya yi fashin aiki, ko ya zo gangar jiki kawai. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, damuwa da fargaba na cinye ranakun aiki biliyan 12 kowace shekara, watau kimanin dala tiriliyan 1. Wani binciken da hukumar ta jagoranta a 2016 ya nuna cewa kowace dala 1 da aka kashe wajen jinya tana dawo da dala 4 ta fuskar lafiya da ƙwazon aiki.

A Nijeriya, likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga jama'a sama da miliyan 200, kuma asibitoci irin na Yaba da Aro da Kaduna sun yi wa mafi yawan majinyata nisa. A nan ne shirye-shiryen intanet ke da amfani: darussa ne ta wayar hannu da ke koya wa mutum gane munanan tunani da komawa harkokinsa, ba kuɗin mota, ba asarar yini, ba kunyar idon jama'a.

Sai dai araha ba ta ado. Wani gwaji da aka buga a Ingila a 2015 ya gano cewa shirye-shiryen MoodGYM da Beating the Blues ba su ƙara wani abin kirki a kan kulawar likita ba, domin yawancin majinyata sun watsar da darussan. A Labanan kuwa, shirin Step-by-Step mai darussa 5 ya rage ciwon, kamar yadda sakamakon 2022 ya nuna. Can an haɗa majinyaci da mataimaki horarre da ke tuntuɓarsa kimanin minti 15 a mako.

Sabili da haka, kamfanoni da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa su sani cewa sayen manhaja kaɗai ɓarnar kuɗi ce. A biya albashin masu jagora, a samar da darussan cikin harsunanmu, a kiyaye sirrin ma'aikaci daga maigidansa, wanda ciwonsa ya tsananta kuma a kai shi ga likita. Da haka ne jarin zai haifar da riba.