Kafin Ku Sayar wa 'Yan Jari-bola da Kwamfutocin Nan

Jama'a, tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, wata waƙa ta shiga bakin manyan ofisoshi: wai duk kwamfutar da ba ta ɗaukar Windows 11 ta zama bola, a jibge ta a sito, a rubuta takardar sayo sabuwa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san inda irin wannan waƙa take ƙarewa: a aljihun ɗan kwangila. Ban yarda da ita ba, musamman a gari irin Jibiya.

Mu fara da abin da ake kira memori. Iri biyu ne. Akwai hadis, wato sito, inda ake jibge kaya. Akwai RAM, wato teburin mai shago, inda yake baza abin da yake ciniki da shi yanzu. Yawancin kwamfutocin da ake cewa sun tsufa, teburinsu ne aka cika da tarkace. Da ka kunna, manhaja goma ta tashi ba wanda ya kira ta, ga maganin bairos biyu suna kokawa da juna. Ina aiki zai sami wurin zama?

Mutanen da ba su yi mana haka ba. Commodore 64 da ta fito a 1982, memorinta duka kilobayit 64 ne, kuma da ka kunna za ta shaida maka bayit 38,911 kawai suka rage maka ka rubuta shirinka. Hoto ɗaya na wayarka mai megabayit 2 ya ninka duk memorinta sau talatin da wani abu, amma an yi lissafin kasuwanci da ita, an koyar da yara. A zamanin MS-DOS kuwa, iyakar filin manhaja kilobayit 640 ne. Idan shiri ya ƙi tashi, sai mutum ya buɗe CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT ya cire abin da ba ya bukata, sauran ya tura su can sama. Har Microsoft ya sako MemMaker cikin DOS 6 a 1993 don wannan aiki kaɗai.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Tsarin kwamfuta na kwastan, ASYCUDA, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke kira SYDONIA, ECOWAS ce ta roƙi UNCTAD ta ƙirƙiro shi a 1981, kuma a kan irin waɗannan ƙananan kwamfutoci ya fara aiki. Ke nan injin da bai kai wayar ɗanka ƙarfi ba ya taɓa riƙe lissafin harajin ƙasa. Yau kuma a ce mai gigabayit 4 ba ta iya buga wasiƙa? Haba!

Yanzu dubi Jibiya. An rufe boda a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris 2024. Daga Magama zuwa cikin gari, direba da ɗan dako da mai abinci kowa ya ji a jikinsa, ga kuma matsalar 'yan bindiga. Uban da ya sha wannan wuya, da me zai sayo wa ɗansa sabuwar laftof? Amma JAMB ba ruwanta: tun 2015 jarrabawarta a kwamfuta ake yi. Yaro ya haddace littafi kaf, ya je ya zauna gaban allon da bai taɓa taɓawa ba, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Wallahi wannan ba rashin ƙoƙarinsa ba ne, sakacinmu ne.

Gyaran ba shi da wuya. A kashe manhajojin da ke tashi da kansu. A ƙara sandar RAM ɗaya, a sa SSD idan da hali; masu gyara a Katsina da Kano sun iya. Wadda ta gaza ɗaukar Windows, a sa mata Linux mara nauyi irin Lubuntu, kyauta ne. Sannan a zuba tambayoyin gwaji masu aiki ba intanet. Wannan na ƙarshe kada a raina shi: a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina har da Jibiya. Wanda karatunsa ya rataya a kan data, ranar nan ya tsaya cik.

Na san abin da za a ce: tsaro. Gaskiya ne, injin da ba a sabunta shi bai kamata ya riƙe bayanan ofis ko na albashi ba. To a sauya na wannan teburin, ba musu. Amma a goge hadis ɗin tsohuwar tas, a rubuta lambarta a rajista, a miƙa wa makarantar sakandare da sa hannun shugaban makaranta da na iyayen yara. Wasu za su ce ina wuta? Laftof da ƙananan kwamfutoci ba su cin wuta sosai, sola madaidaiciya ta ishe su, kuma kuɗinta bai kai na injina sababbi ashirin ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ma'aikatu, da 'yan majalisarmu, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na Jibiya: kafin a sa hannu a takardar gwanjo, a buɗe sito a ƙirga. Wadda ta mutu ta mutu, a ba 'yan jari-bola. Wadda ke numfashi, a sauke mata kaya a kai ta aji. Idan kana da irinta a ƙarƙashin gado, ko ka iya gyara kuma za ka ba da Asabar ɗaya saboda Allah, ka yi magana a ƙasa mu san juna.

Allah Ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya, Ya ba yaranmu sa'a.