Zanen Aro Ko Gadon Kowa?

Sau da yawa mukan ji waɗansu 'yan'uwanmu suna raina aikin juya littafi daga wani harshe zuwa wani, suna cewa zanen aro ba ya rufe katara. To, bari mu duba tarihin Kalila wa Dimna, sa'an nan mu yanke hukunci.

Asalin labarun nan daga Hindu suke, cikin littafin da a ke kira Pancatantara, inda dila biyu ke fadar zaki, ɗayansu ya shiga tsakaninsa da amininsa bijimi da annamimanci. Wajen shekara ta 570 wani likita, Barzawaihi, ya juya su da Farisancin dā saboda Sarki Kisra Anushirwan. Wajen 750 Abdullahi ɗan Muƙaffa ya ɗauko na Farisa ya mai da shi Larabci. Daga Larabcin nan aka yi na Ibrananci, da na Sifaniyanci a ƙarni na 13, daga na Ibrananci kuwa aka yi na Latin, wanda ya bazu ƙasashen Turai.

Abin lura shi ne, littafin Barzawaihi ya ɓace, ba a sami ko warƙa guda ba. Wanda ɗan Muƙaffa ya rubuta da hannunsa shi ma haka. Mafi tsufan kwafen Larabci mai ɗauke da shekararsa na 1221 ne, watau bayan rasuwarsa da shekara fiye da 450, kwafe-kwafen kuwa sun saɓa wa juna ƙwarai. Ashe da ba domin masu juyi da masu kwafe ba, da labarin ya bi uwayensa kushewa.

Masu suka sukan ce mai juyi yakan taɓa abin da aka ba shi amana. Gaskiya ne. A asalin Hindu annamimi ya ci riba. A na Larabci aka ƙara babin da aka gurfanad da Dimna gaban shari'a, aka kashe shi. Amma mu a ganinmu wannan ba ha'inci ba ne, gama kowane mai hikima da irin kunnen da ya ke yi wa magana. Haka Malam Abubakar Imam ya ɗebo labarun Gabas da na Turai cikin Magana Jari Ce, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu da za mu riƙe allon yara gobe, kada mu ji kunyar juyi. Abin da za mu kiyaye biyu ne: mu fahimci asali sarai, mu kuma faɗi inda muka ɗebo. Allah ya ba mu iko, amin.